Nisan da Ya Tsare Jimina

Wanda ya tashi daga Tawa yau ya kama hanyar Agadas, ya wuce Tabalak da Abalak, ko ya karkata ya nufi Cintabaraden da Tasara, zai ga raƙuma da jajayen shanun Azawak da garken tumaki, zai ga motocin kaya da babura, amma ba zai ga jimina ba. Shekaru ɗari da suka wuce wannan faffaɗan daji da ya soma daga inda duwatsun Adar suka ƙare gidanta ne, ita da mariri da barewa da tuje. Sunanta yana nan a bakin mutane, masu maganin gargajiya suna nan suna ambaton manta don sanyin ƙashi, gashinta yana nan a fadojin sarakuna, ita ce dai babu. In aka tambayi dalili, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce fari. Ni kuwa ina ganin labarinta ɗaya ne da na wasu tsuntsaye da suka rayu a tsibiran tsakiyar teku, can nesa da mu, waɗanda suka daina tashi, ba su kuma san tsoron mutum ba. Nisa ne ya tsare su duka. Su teku ya raba su da mutum, ita kuwa ƙishirwa, kuma da zarar aka cinye wannan nisan, ba a ɗauki lokaci ba suka ƙare.

Tsibirin da aman wuta ya haifar a tsakiyar teku ba ya samun baƙo sai wanda ya zo ta sama ko wanda igiyar ruwa ta jefo. Tsuntsu yana isa, jemage yana isa, irin tsiro yana isa, amma kura da dila da muzuru da ɓera ba su da hanya. Tsuntsun da iska ta kai irin wannan wuri sai ya tarar da abinci a zube, babu mai yi masa kwanton ɓauna a ƙasa. Tashi kuma aiki ne mai tsada, don tsokar ƙirjin da ke kaɗa fiffike tana cin babban rabo cikin abin da tsuntsu ya ci. Inda babu abin gudu, wanda tsokarsa ta fi ƙanƙanta ya fi jure yunwa, ya fi barin 'ya'ya a bayansa. Sannu a hankali, cikin dubban shekaru, fiffike ya tsuke, ƙafa ta yi kauri, jiki ya yi nauyi, sheƙa ta sauko ƙasa. Abin ya maimaitu a tsibiri bayan tsibiri. Wani bincike da aka buga a 2020 ya ƙidaya nau'in tsuntsaye marasa tashi 226 da suka riski zamanin ɗan Adam, 166 daga cikinsu sun ƙare, 60 kaɗai suka rage.

Abin da ya fi tayar da hankali a tarihinsu shi ne gajartarsa. Matuƙan jiragen ruwan Holan sun sauka a tsibirin Morishus a 1598, suka tarar da wani ƙaton tsuntsu dangin tattabara, wanda littattafai ke kira dodo, yana yawo a ƙasa ba ya gudun kowa. Ganinsa na ƙarshe da masana suka fi amincewa da shi na 1662 ne, wato shekara 64 ke nan. Sandunan matuƙa sun kashe nasu rabon, amma aladu da birai da ɓerayen da jirage suka kawo su ne suka bi ƙwai suka cinye. A Niyuzilan akwai nau'i tara na wani tsuntsu da ake kira mowa, mafi girmansu ya haura kilo 200. Mutanen farko sun isa wajen shekarar 1300, ba su da bindiga, ba su da ƙarfe, amma cikin kimanin shekara 150 babu mowa ko ɗaya. A tekun Atlantika ta arewa an yi wani babban tsuntsun ruwa marar tashi da aka yi ta kora cikin jirage don nama da gashi, har a watan Yunin 1844 aka kashe biyun ƙarshe da aka sani a tsibirin Eldey, kusa da Aisilan, suna kan ƙwai, don masu tara kayan tarihi na neman gawarsu da kuɗi. A ɗan tsibirin Wake kuwa sojojin Japan da yunwa ta ritsa da su a Yaƙin Duniya na Biyu ne suka cinye wani ƙaramin tsuntsu marar tashi, zuwa 1945 ya ƙare.

Matafiyan da suka rubuta labarin waɗannan tsuntsaye sun sha kiransu wawaye, Bahaushe ma da ya ji zai iya cewa sabo turken wawa. Ban yarda da wannan hukunci ba. Charles Darwin ya je tsibiran Galapagos a 1835, ya ture wani shaho daga kan reshe da bakin bindigarsa, ya kuma ga yaro zaune bakin ruwa da tsumagiya yana kashe kurciyoyin da suka zo sha ba tare da sauran sun watse ba. Abin da ya fahimta shi ne tsoron mutum gado ne da ke ginuwa a jinin dabba a hankali, zuriya bayan zuriya. Tsoro ma yana da nasa farashin: tsuntsun da ke firgita da kowane motsi yana barin abinci, yana barin ƙwai cikin rana. A wurin da babu maƙiyi, natsuwa ita ce dabara. Halin da ya raya su dubban shekaru shi ne ya zama ajalinsu cikin shekaru kaɗan, don duniyarsu ta sauya da saurin da gado ba ya iya bi.

To, a nan mai ƙorafi zai ce kwatancen ya karkace. Jimina ba 'yar tsibiri ba ce, ba ta kuma saba da kowa ba. Cikin zakuna da kuraye ta tashi, ta bar fiffike ta riƙi ƙafa. Namijin jiminar Sahel, mai jan wuya, yana kai mita biyu da rabi, yana haura kilo 100, yana gudun da ya kai kilomita 70 a awa, idonsa yana hango mutum tun yana ɗigo a sararin daji. Kuma ta san ɗan Adam tun fil azal: siffarta tana sassaƙe a duwatsun Ayar, an tono duwatsun wuya na ɓawon ƙwanta a tsoffin matsugunan Sahara na zamanin da hamadar take da tafkuna. Duk wannan gaskiya ne, sai dai ƙarfafa maganar yake yi. Tsoron jimina an auna shi ne daidai da mutum mai tafiya a ƙasa ko a kan doki, mai baka da mashi da tarko, wanda tilas ya koma bakin ruwa kafin salkarsa ta bushe. Mahayin da ke son kama ta sai ya jira tsananin zafin bazara ya bi ta har ta gaji, sau da yawa dokin ne ke riga ta gajiya. Ita kuwa tana iya daɗewa ba ta sha ba, ruwan da ke cikin ganye da guna ya ishe ta. Saniya ba ta wuce kwana biyu ko uku ba ta sha ba. Da rani, in tafkuna sun ƙafe, makiyayin Azawak yana ɗaure da rijiyarsa mai zurfi, wadda raƙumi ko sa ke ja wa guga, dabbobinsa ba su wuce tafiyar yini ɗaya ko biyu daga bakinta. Duk abin da ke bayan wannan da'ira, ciyawa mai yawa da babu mai kiwo, shi ne tsibirin jimina. Can take tona ɗan gurbi a yashi, mata da yawa su zuba ƙwai wuri ɗaya, kowanne ya kai kilo ɗaya da rabi, mace ta kwanta da rana, namiji da dare, har mako shida. Sheƙar da ke fili ƙarara tsawon kwana arba'in da 'yan kai ba ta da wata kariya illa kada a bi ta wurin.

Hujjar da ta fi gamsar da ni ita ce tarihin cinikin gashinta, don ya nuna kwaɗayi ba sabon abu ba ne. Tarihin Kano ya danganta figini da takalmin gashin jimina ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. A ƙarni na 19 matan Turai suka ɗora gashin a hulunansu, ayarin raƙuma ya riƙa ɗaukarsa daga Kano da Damagaram zuwa Tarabulus, daga can zuwa Landan da Paris. Darajarsa ta kai gwamnatin Afirka ta Kudu, mai manyan gonakin jimina, ta turo tawaga a asirce a 1911 ƙarƙashin Russel Thornton don neman irin jiminar da ke ba da gashi mafi kyau. Sun yada zango a ƙasar Kano, suka gane tsuntsun daga yankin da Faransa ke mulki yake fitowa, Faransawa suka hana fitar da shi da rai, duk da haka a 1912 suka sauka Cape Town da kimanin 140. Shekara biyu bayan haka kasuwar ta rushe. Wannan ciniki ya yi ɓarna, a arewacin Sahara ma ya taimaka wajen share jimina daga Tunisiya da Aljeriya. Amma a kudancin hamada ta fita daga cikinsa da ranta. Wani ɓangare na gashin daga tsuntsayen da aka kama suna ƙanana aka raina a gida ake fige shi, na dawa kuwa sai wanda ya sha wuya yake samu. Kuɗin Landan duk da yawansa bai iya kai mafarauci inda ruwansa ba ya kai shi ba.

Abin da kuɗin gashi ya kasa, injin ya yi shi. Daga farkon shekarun 1960 gwamnatin sabuwar Nijar ta haƙa rijiyoyin burtsatse masu injin famfo a yankin kiwo da ke arewa da Tawa, da kyakkyawar niyya, don a buɗe makiyayar da ƙishirwa ta rufe. An kuwa buɗe ta. Dubban dabbobi suka riƙa taruwa a wuraren da a da ba mai kwana da rani, tare da su akwai yara masu kiwo da karnuka, kuma ƙwan da ya kai na kaza ashirin da huɗu ba abin da mai yunwa zai tsallake ba ne. Dokar watan Mayun 1961 ta shata iyakar da noma ba zai haura ba ta arewa, amma gonakin gero sun daɗe da tsallake ta, don jama'a ta ninka: ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3.3 a jihar Tawa kaɗai, kusan adadin mutanen ƙasar baki ɗaya lokacin samun 'yanci a 1960. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka shimfiɗa kwaltar yuraniyom daga Tawa zuwa Agadas da Arlit, ta ratsa tsakiyar dajin. Sai mota mai shiga yashi, ɗauke da gangar ruwa da bindiga mai sarrafa kanta. Gudun kilomita 70 ba ya tsere wa injin da ba ya gajiya, hangen nesa kuma ba ya amfani a gaban harsashin da ke zuwa daga nesa. A gaban wannan mota jimina ta zama daidai da dodo a gaban matuƙin Holan, tsoronta na tsohon zamani ne. Haka 'yar'uwarta ta yankin Larabawa ta ƙare a tsakiyar ƙarni na 20, bayan da mota da bindiga suka bi man fetur suka shiga hamadar.

Ban raina fari ba. Na 1973 zuwa 1974 da na 1984, wanda mutane suka laƙaba wa El-Buhari, sun karya makiyaya, sun kashe dabbar gida da ta dawa, jimina kuma ba ta yin 'ya'ya a shekarar da babu ɗanyen ganye. Amma ta ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, ta ga waɗanda suka gabace ta tun kafin a fara rubuta tarihi, kowane karo ta farfaɗo, don akwai inda za ta ja da baya ta jira. Fari na baya-bayan nan ya same ta babu wurin ja da baya, ɗan ganyen da ya rage kuma dabbobin gida sun riga ta. Abin da ya faru a Ayar ya raba gardama. Can, cikin gandun da aka kafa a 1988, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1991, an ƙiyasta jimina kusan 1,600 wajen 1990, bayan fari biyun sun wuce. Sai tawaye ya ɓarke, ma'aikatan gandun daji suka janye, masu makamai da motoci suka cika wurin. Cikin 'yan shekaru garken ya ƙare, namijin ƙarshe na dawa ya mutu a 2004. Shekara goma sha huɗu, ƙasa da rubu'in abin da dodo ya samu.

Akwai ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi, shi ne na wanda zai ce mutum ya fi tsuntsu, rijiya da hanya rai suka ceto, ba kuma wanda zai so a mayar da matan Azawak zamanin tafiyar yini don tulun ruwa saboda jimina. Haka ne, ba na kuma neman a mayar. Mutanen da suka isa Niyuzilan ma abinci suke nema wa 'ya'yansu. Amma a raba abubuwa biyu. Makiyayin da ya ɗauki ƙwai cikin yunwa daban, wanda ya cika bayan mota da nama don nishaɗi ko don kasuwa daban, kuma mafi yawan kisan da aka yi da mota ba talaka ya yi shi ba, don talaka ba shi da motar. Masu kaki, masu muƙami, 'yan tawaye, da baƙin attajirai daga ƙasashen Larabawa da ke zuwa dajin Nijar da shahunansu neman tuje, su ne ke da man da za su ƙona. Asarar kuwa a kan ɗan ƙasa ta faɗa, shi da kakanninsa suka san yadda ake cin gajiyar tsuntsun ba tare da an ƙarar da shi ba. Dokar farauta ta 1998 ta zo lokacin da kusan babu sauran abin tsarewa, kuma takarda a Yamai ba ta gadin gurbi a yashin Tasara.

In nisa ya ƙare, me ke iya maye gurbinsa? Amsar tana cikin ƙauyukan Adar, a kan kukoki da tsamiyoyi da jinkan rumbuna. Shamuwa tana zuwa daga kudancin Afirka gab da faɗuwar damina, ba ta neman daji, tsakiyar gari take nema ta yi sheƙa, inda yaro zai iya hawa ya taɓa ƙwanta. Ta saba da mutum kamar tsuntsayen Galapagos, ga ta kuma cikin miliyoyin mutane, amma tana nan, saboda manomi yana ganin zuwanta bushara ce, tana cin farar da ke cin gonarsa, kuma an taso ana jin cewa ba a taɓa ta. Hani ne da ba a rubuta ba, kowane gida kuma mai gadinsa ne. Sai dai irin wannan kariya tana iya karyewa, angulu shaida ce. Ita ma a cikin gari take, a mahauta da juji, ba mai kula ta, har sai da kanta da ƙwanta suka yi kuɗi a kasuwar masu tsibbu. Aka bi ta da guba da tarko, ba ta kuwa san gudu ba, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa. Mahautan garuruwa da yawa a ƙasar Hausa yau sai su yi fiɗa su gama ba ta sauka ba. Sabo da kaza ba ya hana yanka ta, kuma abin da ya raba makomar shamuwa da ta angulu ba ya cikin halin tsuntsayen, yana cikin abin da mutane suka yarda su bari.

Wannan ne ya sa nake ganin batun mayar da jimina daji ya fi ƙarfin masu kiwonta kaɗai. Ana rainon ragowar irinta a Kelle, cikin ƙasar Kutus ta jihar Damagaram, da Iferwan da Maine Sorowa, aiki ne mai wuya da ya cancanci yabo. Amma tsuntsun da ya ƙyanƙyashe cikin shinge ya san mutum a matsayin mai kawo abinci, wato mun mayar da shi ɗan tsibiri da hannunmu. Mutanen Niyuzilan sun ceci kakapo, wani aku marar tashi da ya rage 51 a 1995, ta hanyar kwashe shi zuwa ƙananan tsibiran da aka share daga ɓera da kyanwa, yau ya haura 200. Mu ba mu da irin wannan tsibiri, duk inda aka saki jimina akwai rijiya da zango kusa. Misalin da ya fi kusa da mu na Cadi ne, inda tun 2016 ake sakin mariri a gandun Wadi Rime da Wadi Ashim, fili marar shinge da makiyaya ke kiwo a ciki, ya hayayyafa har a 2023 aka cire shi daga jerin dabbobin da suka ƙare a dawa. An yi haka ne da masu gadi, da kuɗi mai ɗorewa, da zama da shugabannin makiyaya kafin a buɗe ƙofar keji.

A arewacin Tawa, inda rashin tsaro ya addabi Tiliya da Tasara, ba yau za a yi wannan ba, mutanen da ke binne 'yan'uwansu ba za a tare su da zancen jimina ba. Abin da ke hannu shi ne wanda bai riga ya tafi ba. Tuje yana tashi, amma da nauyi, a ƙasa yake yin ƙwai, ɗaya ko biyu, a irin filin da jimina ta bari. Barewa tana nan jefi-jefi. Babur kuwa, wanda ya fi mota araha nesa ba kusa ba, yana shiga inda ita ba ta shiga, kuma yanzu kusan kowane zango akwai shi. Sarakunan ƙauyuka, shugabannin Abzinawa da Fulani da Larabawan Azawak, da limaman da ake saurara ranar Juma'a, su ne ke iya sa ɗaukar ƙwan tuje ya zama abin kunya kamar taɓa sheƙar shamuwa, kuma sai an yi hakan tun akwai tujen da za a hana ɗaukar ƙwansa.